Wa ya kamata ya zaɓi shugaban marasa rinjaye, 'yan majalisa ko uwar jam'iyya?

Ɗan Wunti: Salamu alaikum jama'ar gida. Ina so mu tattauna wani abu da ba a cika kula da shi ba amma ni a ganina shi ne ya kassara adawa a majalisun ƙasar nan. Duk sanda aka rantsar da sabuwar majalisa hankalin kowa yana kan wa zai zama shugaban majalisar dattawa, wa zai zama kakaki, ba mai tambayar ta yaya ake fitar da shugaban marasa rinjaye da mataimakinsa da bulaliya da mataimakin bulaliya, kujeru huɗu kenan a kowane zaure. Mutanen nan fa su ne bakin 'yan adawa, da su ake zaman shugabanni, da su ake rabon kwamitoci, in abu ya taso su ake fara ba dama su yi magana. Amma ranar sanarwa sai ka ga shugaban majalisa, wanda ɗan jam'iyya mai mulki ne, shi zai ɗauko takarda ya karanta ya buga guduma shike nan an wuce wurin. Ba akwati ba ƙirge. Ni ra'ayina 'yan majalisar adawa su shiga ɗaki su kaɗai su kaɗa ƙuri'ar sirri a ƙirga a gabansu a faɗi adadi, kuma a sake zaɓen bayan shekara biyu. Ba wasiƙa daga hedkwatar jam'iyya, ba takardar sa hannu. Me kuka gani?

Baba Tsohon Kansila: Wa alaikumus salam. Ɗana maganarka da daɗin ji amma ka manta da tushe. Ranar zaɓe me ka gani a takardar da ka dangwala? Sunan mutum ko alamar jam'iyya? A ƙasar nan ba ɗan takara mai zaman kansa, duk wanda ya shiga majalisa a bayan jam'iyya ya shiga. Mu da muka sha rana muka yi gadin akwati har asuba ba don mutum ɗaya muka yi ba. To in ya isa Abuja sai ya ce jam'iyya ba ta da ta cewa a kan wanda zai yi magana da yawunta? Wannan shi ne ya lalata mu, kowa ya zama sarkin kansa.

Ɗan Wunti: Baba Allah ya ƙara girma, ban ce a wulaƙanta jam'iyya ba. Amma wace ce jam'iyyar a aikace? Ai mutum biyar ko shida ne a ofis, kuma su ma gwamnoni ke biya masu kuɗin haya da na taro

Barista na Yelwa: Bari in sa baki ta fuskar doka tukuna don kar mu yi ta gardama a kan iska. Kundin tsarin mulki na 1999 a sashe na 50 shugabanni biyu-biyu kawai ya ambata, shugaban majalisar dattawa da mataimakinsa, kakakin majalisar wakilai da mataimakinsa. Shugaban masu rinjaye, na marasa rinjaye, bulaliya, duk ba daga nan suka fito ba, daga dokokin cikin gida na kowane zaure suka fito, kuma sashe na 60 ne ya ba majalisa ikon tsara wa kanta yadda za ta gudanar da harkokinta. Shi ya sa wasiƙar jam'iyya ba ta ɗaure shugaban majalisa. An gwada wannan a fili a farkon Yulin 2019. PDP lokacin shugabancin Uche Secondus ta rubuta wa kakaki Femi Gbajabiamila cewa Kingsley Chinda take so ya zama shugaban marasa rinjaye a majalisar wakilai, Yakubu Barde na Kaduna ya zama bulaliya. Gbajabiamila ya ajiye wannan wasiƙa ya karanta wata takarda da 'yan majalisar jam'iyyun adawa suka sa wa hannu, ya ce Ndudi Elumelu ne shugaba, Toby Okechukwu mataimaki, Gideon Gwani bulaliya. Zaure ya hargitse har aka kai ga neman ɗauke sandar majalisa. Hujjar kakaki ita ce kujerar ta dukkan jam'iyyun adawa ce ba ta PDP kaɗai ba, kuma 'yan majalisa ne za su fitar da ita a tsakaninsu. PDP ta dakatar da Elumelu da wasu shida, sai a 2021 ta ɗage. Amma mutumin bai motsa daga kujerar ba har majalisar ta ƙare a 2023.

Baba Tsohon Kansila: Yauwa Barista ka taimake ni. Kun ga abin da nake faɗa? An bar 'yan majalisa sun zaɓa, me aka samu? Shekara huɗu adawa na da kai biyu, Elumelu na fitar da sanarwa a matsayin shugaban marasa rinjaye, Chinda na fitar da tasa a matsayin jagoran 'yan PDP. Wa ya ci riba in ba jam'iyya mai mulki ba

Ɗan Wunti: A'a Baba, nan ne fa inda muka rabu. Abin da aka yi a 2019 ba zaɓe ba ne, tara sa hannu ne, kuma tsakanin biyun akwai tazara mai nisa. Sa hannu ana bin mutum har gida da daddare, ana kiransa a waya a ce gwamnanka ya ce ka sa, ana nuna masa cewa sunayen kwamitoci ba su fito ba tukuna ka yi tunani. Kuma takardar a hannun wa za ta ƙare? A hannun kakaki, wanda shi ne zai raba shugabancin kwamitoci bayan 'yan makonni. Wane sabon ɗan majalisa ne da ya ci bashi ya yi kamfen zai yarda a ga babu sunansa a takardar da kakaki yake so? Wlh kamar a ce Wikki za ta buga da Gombe United sai a ce kocin Gombe United ne zai karanta sunan kyaftin ɗin Wikki. Ko da mutumin kirki aka karanta, zargi ba zai taɓa barinsa ba.

Ɗan Azare: Ni dai ƙuri'ar sirrin nan ita nake tsoro. Ba ita aka yi a zaɓen fid da gwani na 2022 ba? Kowa ya ji abin da deliget suka koma gida da shi. In ka ce a ɓoye to ka buɗe kasuwa ne kawai, mai kuɗi ya saya ba wanda zai san wa ya sayar. Gara ƙato bayan ƙato, in ɗan majalisata ya bi wanda gwamnati ke so in gan shi da idona in jira shi a gida

Ɗan Wunti: Ɗan uwa duba lissafi da kanka. Ranar 13 ga Yunin 2023 zaure biyu suka yi zaɓe rana ɗaya. A majalisar dattawa sirri aka yi, APC da fadar shugaban ƙasa duk sun nuna Akpabio suke so, amma duk da haka Abdulaziz Yari ya samu 46, Akpabio 63. A majalisar wakilai kuwa kiran suna aka yi kowa ya tashi ya faɗi wanda yake so a gaban kyamara. Tajudeen Abbas 353, Wase 3, Jaji 3. Kuma ka tuna a lokacin in ka haɗa 'yan PDP da LP da NNPP da sauran ƙanana sun ɗan fi APC yawa a wannan zauren, har suna taro suna kiran kansu masu rinjaye na haƙiƙa. Ina suka shiga ranar? Ba na cewa Abbas bai cancanta ba, yana da jama'a, amma mutum 353 ba ra'ayi ɗaya ne da su ba, ido ne ya yi masu yawa. Mu koma 2015, Dogara namu na nan Bauchi da sirri ya kayar da Gbajabiamila 182 da 174 alhali jam'iyya ba shi take so ba. A fili aka yi da ba zai kai labari ba. Mai sayen ƙuri'a ma ya fi son a fili don ya tabbatar kayan da ya biya sun iso, a sirri kuwa sai a karɓi kuɗinsa a zaɓi wani

Ɗan Azare: To a karɓi kuɗi a zaɓi wani ɗin shi ne gyara? Ai an dai karɓa

Ɗan Wunti: Ba gyara ba ne, amma in mai saye ya san ba tabbas zai rage saye. Barazana kuma ta mutu gaba ɗaya, ba ka iya hukunta wanda ba ka san me ya zaɓa ba

Maman Ihsan: Salam. Ina ta karantawa tun ɗazu. Don Allah ku yi min bayani a sauƙaƙe, ni malamar makaranta da ajina ke yoyo in damina ta zo, me ya shafe ni da wanda ya zama bulaliyar marasa rinjaye? Ba gatse nake ba, tambaya nake tsakani da Allah, don mu mata in ana irin wannan hira sai mu ga kamar rabon motoci da ofisoshi ne tsakanin manya

Barista na Yelwa: Malama tambayarki ita ce ma ta fi kowace muhimmanci. Kasafin kuɗi a majalisa yake wucewa, ciwo bashi sai majalisa ta amince, ministoci sai majalisar dattawa ta tantance. 'Yan jam'iyya mai mulki ba za su tsaya su ce a dakata a duba ba, aikin 'yan adawa ne. Akwai kuma kwamitin bin diddigin kuɗin gwamnati, wanda rahoton babban mai binciken kuɗi na ƙasa ke zuwa gabansa, bisa al'ada ɗan adawa ake ba shugabancinsa. Wa za a ba, mai zafi ko mai sanyi, shugabannin marasa rinjaye na da baki a ciki. Kuɗin rufin ajinki in an sa shi a takarda ba a yi aikin ba, irin wannan kwamitin ne a matakin jiha ya kamata ya kira kwamishina ya tambaye shi. In wanda ke jagorantar adawa yana jin kujerarsa kyauta ce daga kakaki to ba zai bari a kira kowa ba

Na Ningi: Mu ai mun gani a jikinmu. Maris 2024 Sanata Abdul Ningi ya yi hira da BBC Hausa ya ce akwai wajen naira tiriliyan 3.7 a kasafin shekarar da ba a ga ayyukan da aka jingina su da su ba. Aka taso masa, aka dakatar da shi wata uku, Bauchi ta tsakiya ta zauna ba wakili. Mutumin da ya taɓa zama shugaban masu rinjaye a majalisar wakilai, ya yi mataimakin shugaban masu rinjaye a dattawa, ba yaro ba ne a wurin. Ko yana da gaskiya ko ba shi da ita abin da ya kamata a ce 'yan adawa sun tsaya kai da fata a kafa kwamiti a baje takardu kowa ya gani. PDP kaɗai ta shiga wannan majalisa da sanata 36, LP 8, ga NNPP da SDP biyu-biyu. Mutum sama da arba'in in suka miƙe tare ba a isa a buga guduma a wuce ba. Ban ga hakan ba ranar, kuma har yau abin na min ciwo

Na Billiri: Maƙwabta ku yi adalci dai. Abba Moro, shugaban marasa rinjaye a dattawa a lokacin, shi ne ya kawo ƙudurin da aka dawo da Ningi a ƙarshen Mayu kafin wata ukun su cika. Kuma ba duk wanda aka karanta sunansa ne ɗan amshin shata ba. Mu a Gombe ta kudu ɗanmu Ali Isa JC na Balanga da Billiri shi aka ba bulaliyar marasa rinjaye a majalisar wakilai a 2023, kuma in kun lura da yadda aka raba, Chinda na PDP daga Ribas shugaba, Aliyu Sani Madaki na NNPP daga Kano mataimaki, JC na PDP daga arewa maso gabas, George Ozodinobi na LP daga Anambra mataimakin bulaliya. Jam'iyya uku, shiyya huɗu. Wannan sasanci ne ya kawo shi ba akwati ba. In kuka ce ƙuri'a zalla PDP da ta fi yawa za ta kwashe huɗun duka, kuma a cikin PDP ɗin ma shiyyar da ta fi yawan kujeru ita za ta cinye. Mu ƙananan ƙabilu mun san abin da ake nufi da a bar yawa ya yi aiki

Ɗan Wunti: Wannan magana ce mai nauyi yayana kuma na karɓe ta. Amma ba sai an zaɓi ɗaya an bar ɗaya ba. A fara zama a rubuta cewa kujera kaza ta jam'iyya kaza ce gwargwadon yawanta, ba shiyyar da za ta riƙe biyu, sannan a cikin wannan iyaka a yi takara a kaɗa ƙuri'a. In bulaliya ta faɗo arewa maso gabas duk mai so daga Bauchi da Gombe da Adamawa da Taraba da Yobe da Borno ya fito. Wanda ya cancanta ai zai ci, kuma zai fi ƙarfin gwiwa don ya san takwarorinsa ne suka ɗora shi

Barista na Yelwa: Kuma sasancin ba kullum yake riƙewa ba. A dattawa Yulin 2023 an sanar da Simon Mwadkwon na Filato shugaba, Darlington Nwokocha na LP bulaliya, Rufa'i Hanga na NNPP mataimakin bulaliya. Kotun ɗaukaka ƙara ta cire Mwadkwon da Nwokocha, a Nuwamba aka sanar da Abba Moro, kujerar bulaliya kuma da ke hannun LP aka ba Osita Ngwu na PDP. Sanatocin LP suka tashi suna ta hayaniya a zaure cewa an ƙwace masu, shugaban majalisa ya ce shi yawan sa hannu ya bi. Da akwai rubutacciyar ƙa'ida da ba a kai nan ba

Alhaji Mai Goro: Ni ina zirga-zirga Kumasi shekara da shekaru, bari in ba ku na Gana don Baba ya samu abokin ra'ayi. Janairun 2023 NDC tana adawa, uwar jam'iyya ta aika wasiƙa majalisa kawai ta ce ta sauke Haruna Iddrisu na Tamale daga shugaban marasa rinjaye ta sa Cassiel Ato Forson, ta sauke Muntaka Mubarak na Asawase daga bulaliya. A zango ranar ba ka jin komai sai wannan magana, mutane sun fusata sosai, 'yan majalisa da yawa suka rubuta takardar koke cewa ba a shawarce su ba. Shugaban jam'iyya Asiedu Nketia ya ce zaɓe mai zuwa a kan tattalin arziki za a yi shi don haka mai ilimin kuɗi suke so a gaba. Dattawan jam'iyya suka shiga tsakani aka haƙura. Disambar 2024 NDC ta ci, Forson ya zama ministan kuɗi, Haruna ilimi, Muntaka harkokin cikin gida. To kun ga wani lokaci jam'iyya na hango abin da 'yan majalisa ba sa gani

Baba Tsohon Kansila: Allah ya yi maka albarka Alhaji. Abin da nake nufi kenan, tarbiyya. An yi fushi amma ba wanda ya tattara ya koma jam'iyyar gwamnati

Ɗan Wunti: Alhaji na ji, amma NDC jam'iyya ce mai shugabanci guda da kowa ya yarda da shi. Mu fa? Tun bayan zaɓen 2023 PDP ke rigima a kan wane ne sakataren jam'iyya har Kotun Ƙoli, LP ta rabu gida biyu, NNPP ma haka. In ka ce wasiƙar jam'iyya za a bi, wasiƙar wane ɓangare? Wasiƙa biyu za su iso teburin shugaban majalisa shi kuma ya zaɓi wadda ta yi masa. Ka sake miƙa masa wuƙa da nama kenan. 'Yan majalisa kuwa an san su, an san adadinsu, INEC ta ba kowa takardar shaida, ba gardama a kan wa ke da ƙuri'a

Ɗan Misau a Ingila: Slm. Abin da kuke muhawara a kai an yi shi a nan shekara da shekaru. A da jam'iyyar Labour in tana adawa 'yan majalisarta ne suke zaɓen tawagar da za ta fuskanci gwamnati, wato kowane minista akwai ɗan adawa da aka ware ya riƙa bin aikinsa yana masa tambayoyi. Na ƙarshe da aka yi a Oktoban 2010, kujeru 19, mutum 49 suka nema, Yvette Cooper ta zo ta ɗaya, kuma dokarsu ta ce dole aƙalla shida su zama mata. Shugaba ba shi ke zaɓen mutanen ba, nasa kawai ya raba masu ma'aikatu. A 2011 shugaban jam'iyyar Ed Miliband ya nemi a soke tsarin aka soke, dalilinsa shi ne mutane na ɓata lokaci suna neman farin jini a wurin junansu maimakon su fuskanci gwamnati, kuma ana ɗora wa shugaba mutanen da ba ya jituwa da su. Conservative su dama shugaba ne ke naɗawa. Don haka ko a nan ba a ce zaɓen ba shi da illa ba. Sai dai bambanci ɗaya, ko zaɓe ko naɗi, kakakin majalisa ba ruwansa, ba ya karanta wa adawa sunan shugabanta, shi kansa yana ajiye jam'iyyarsa ne in ya hau kujerar

Barista na Yelwa: Tsarinsu na firaminista ne, irin wanda muka yi a jamhuriya ta farko lokacin da Tafawa Ɓalewa ke gwamnati Awolowo ke jagoran adawa a zaure ɗaya. Namu na yanzu da na Amurka ya fi kama, kuma can ma ƙuri'ar sirri suke yi a cikin jam'iyya. 2016 Tim Ryan ya ƙalubalanci Nancy Pelosi a kujerar shugaban marasa rinjaye, ta ci 134 da 63. 2022 Rick Scott ya nemi kayar da McConnell daga irin wannan kujera a dattawa, McConnell ya ci 37 da 10. An faɗi adadi, wanda ya faɗi ya san iya ƙarfinsa, wanda ya ci ya san mutum nawa ne ba su gamsu da shi ba

Maman Ihsan: To ni abin da na riƙe a nan shi ne na mata shida ɗin. Ku duba sunayen da kuka lissafo tun ɗazu, kujeru takwas na adawa a zaure biyu a 2023 ba mace ko ɗaya. Sanata 109 mata huɗu kacal, ɗaya daga cikinsu ma an dakatar da ita wata shida a 2025. Ba a ce mace ba ta taɓa riƙewa ba, Biodun Olujimi ta yi shugabar marasa rinjaye a dattawa bayan Akpabio ya bar kujerar a 2018. In za ku rubuta ƙa'idar shiyya da ta jam'iyya to ku rubuta tamu a ciki, in ba haka ba ƙuri'ar sirrinku maza za ta yi ta fitarwa har abada

Ɗan Wunti: Gsky ne Malama, ɗaya cikin huɗu aƙalla matuƙar akwai mace a cikin 'yan adawan zauren

Ɗan Azare: Tunda an ambaci Akpabio, ku tuna shi kansa shugaban marasa rinjaye ne na PDP daga 2015, zuwansa na farko majalisar ma, Agustan 2018 ya ajiye ya koma APC, yau shi ke riƙe da guduma. Abaribe ma yana kan kujerar ya bar PDP a 2022, shi dai APGA ya koma ba gwamnati ba. A 2025 sanatocin Kebbi uku rana ɗaya suka sauya sheƙa. To wace ƙuri'a ce za ta hana wannan? Kuna gyaran ɗaki ne mutanen gidan na ficewa

Barista na Yelwa: Sashe na 68 ya ce wanda ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ya rasa kujerarsa sai in jam'iyyar ta rabu. Matsalar shugaban majalisa ne zai ayyana kujerar babu kowa, shi kuma wurinsa ake komawa. Wannan sai kotu da gyaran kundi. Amma kar ka raina zaɓen cikin gida, mutum na ficewa ne in ya ga ba shi da murya ba shi da makoma a inda yake. In ya san bayan shekara biyu zai iya tsayawa takarar bulaliya ya ci da ƙoƙarinsa akwai abin da zai zaunar da shi

Na Ningi: Kuma don Allah kar mu yi ta kallon Abuja mu manta gida. Yunin 2019 a nan Bauchi majalisa mai mutum 31, APC 22 PDP 8 NNPP 1, mutum 11 suka shiga da sassafe suka zaɓi kakaki, sauran suka zo suka tarar an gama suka yi nasu zaɓen a waje ƙarƙashin gunkin sandar majalisa. Kowa a group ɗin nan ya san wannan. Wa zai iya faɗa min sunan shugaban marasa rinjaye na majalisar jiharsa yanzu ba tare da ya bincika a waya ba? A jihohi ne ma abin ya fi lalacewa don gwamna na iya kiran 'yan adawan duka su zauna a falo ɗaya

Baba Tsohon Kansila: 'Ya'yana na saurare ku duka. Zan sassauta amma ba zan sauka gaba ɗaya ba. Ku yi ƙuri'arku ta sirri, na yarda sa hannun nan ba alheri a cikinsa, mun ga yadda ake yinsa tun a matakin ƙaramar hukuma. Amma jam'iyya ce za ta kira taron, a ofishinta ko wani wuri da ba harabar majalisa ba, ita za ta tantance masu takara, kuma sakamakon ita za ta aika wa kakaki. Wanda ya yi wa jam'iyya zagon ƙasa a zaɓen da ya wuce bai isa ya tsaya ba

Ɗan Wunti: Baba kiran taro da aika sakamako na yarda, har ma a gayyaci 'yan jarida wajen ƙirge. Tantancewar ce ban yarda ba, don ta nan ake shigo da ɗauki-ɗora ta ƙofar baya, a cire mutum uku a bar ɗaya a ce an yi zaɓe. Sharaɗi ya zama abin da kowa zai iya dubawa da idonsa, ya taɓa yin zango ɗaya a majalisa, yana halartar zama, bai sauya jam'iyya ba cikin shekara huɗu. Zagon ƙasa kuwa wa zai yanke hukunci? A PDP ta yau kowane ɓangare haka yake kiran ɗayan

Na Billiri: Kuma in jam'iyyun adawa uku ne ko huɗu wace uwar jam'iyyar ce za ta kira taron Baba? In PDP ta kira a ofishinta 'yan LP da NNPP ba za su taka ba

Baba Tsohon Kansila: Kowace ta zaɓi nata a gidanta bisa kujerar da aka ware mata, sai shugabannin jam'iyyun su sa hannu a wasiƙa ɗaya. Amma batun tantancewa ina nan a kan bakana, mutumin da ya yi wa abokin hamayya aiki a fili ba zan yarda ya jagorance ni ba ko ƙuri'a nawa ya samu

Maman Ihsan: To in an bi ta Baba kowace jam'iyya ta zaɓi nata, kujerar macen daga kason wa za ta fito? Don na san kowace za ta ce ɗayar ta bayar